Siya Kolisi: Yaron Zwide da Riga Mai Lamba 6

A watan Yulin 1976 'yan wasan Najeriya sun riga sun sauka a birnin Montreal na ƙasar Kanada, suna jiran a buɗe gasar Olamfik, sai ga umarni daga gida cewa kowa ya tattara inasa-inasa ya dawo. Ghana da Nijar da Cadi da Sudan da Kamaru duk suna cikin ƙasashen Afirka fiye da 20 da suka juya wa gasar baya. Wasan da ya jawo wannan fushi ba ya ma cikin wasannin Olamfik na wancan zamani. Zari-ruga ne. New Zealand ce ta tura tawagarta, All Blacks, rangadi Afirka ta Kudu, makonni kaɗan bayan 'yan sandan mulkin wariya sun buɗe wa 'yan makarantar Soweto wuta ranar 16 ga Yuni, kwamitin Olamfik kuwa ya ƙi korar ta daga gasar. Afirka ta ce in haka ne a yi gasar babu ita.

Shekara 15 cif bayan harbin Soweto, ranar 16 ga Yunin 1991, aka haifi wani yaro a Port Elizabeth, garin da yanzu ake kira Gqeberha, aka raɗa masa suna Siyamthanda Kolisi. Washegari majalisar ƙasar ta soke dokar da ke yi wa kowane jariri rajista bisa launin fatarsa. Yaron nan ne ya zama baƙar fata na farko da ya jagoranci tawagar ƙasar, Springboks, a babban wasan ƙasa da ƙasa, ya kuma ɗaga Kofin Duniya har sau biyu. Wanda ya bi sawunsa daga kulob zuwa kulob, daga benci zuwa kyaftin, zai ga yadda wasan ya canja kama a ƙasar, zai kuma ga daidai inda canjin ya ci birki.

Ga wanda bai taɓa zama ya kalli wasan ba: mutum 15 ne a kowane gefe, minti 80 ake yi, ƙwallon kuma doguwa ce mai tsini biyu. Ana rungumar ta a ruga, ana iya bugun ta da ƙafa, amma haramun ne a jefa ta gaba da hannu. Wanda ya ƙetare layin abokan hamayya ya dangwara ta a ƙasa ya ci maki 5, bugun da ke biyo baya maki 2, bugun hukunci maki 3. Takwas daga cikin 15 ɗin ƙarti ne masu aikin ƙarfi, su ke haɗa kafaɗa su yi turereniya da takwas na ɗaya gefen. Kolisi yana cikin waɗannan, a gefen cincirindon, aikinsa kuma ya kayar da mai ƙwallo, ya share wa nasa hanya, ya kare ƙwallo in ɗan'uwansa ya faɗi. Aiki ne da 'yan kallo ba su cika yi wa tafi ba, abokan wasa ne suka san darajarsa.

Afirka ta Kudu ta buga wasanta na farko da baƙi daga Birtaniya a 1891. Cikin ƙarnin da ya biyo baya Turawan Afrikaner suka rungumi zari-ruga a matsayin shaidar mazantakarsu da fifikonsu, koriyar rigar nan mai hoton barewa kuwa ta zama tamkar tutar mulkinsu. Masu yaƙi da wariya sun gane inda ya fi yi wa mai mulki zafi, nan suka riƙa dannawa. A 1981, shekarar da Alhaji Yusuf Maitama Sule ya karɓi shugabancin kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da wariyar launin fata, Springboks suka je rangadi New Zealand, ƙasar ta rabu biyu. Masu zanga-zanga suka mamaye fili a Hamilton har aka fasa wasa, a Auckland kuma wani ya ɗauko ƙaramin jirgin sama yana jefo ƙullin fulawa a kan 'yan wasa. Da aka ƙirƙiro Kofin Duniya a 1987 ba a gayyaci Afirka ta Kudu ba, haka ma a 1991. A cikin gida kuwa, baƙar fatar da ke zuwa kallo a ɗan lungun da aka ware musu, baƙi suke yi wa kirari.

Daga nan mutane da yawa suka ɗauka cewa baƙar fata ba su san wasan ba sai da aka buɗe musu ƙofa. Wannan kuskure ne babba. A Gabashin Cape, ƙasar Xhosa, tun ƙarshen ƙarni na 19 makarantun mishan suka shigo da zari-ruga, unguwanni suka kafa kulob-kulob nasu da gasanninsu da gwanayensu. A 1971 wasu kulob-kulob na unguwannin Port Elizabeth suka kafa ƙungiyar Kwaru mai ƙin wariya, da aka hana su filayen hukuma sai jama'a suka share nasu filin a Zwide, wanda ke ɗauke da sunan Dan Qeqe. A can ne a 1976 wasu Turawa 'yan gida ɗaya, 'yan gidan Watson, suka take doka suka shiga wasa tare da baƙar fata. Steve Tshwete, wanda daga baya ya zama ministan wasanni, har a kurkukun tsibirin Robben ya shirya wa fursunoni gasar zari-ruga. Cikin wannan gado aka haifi Kolisi. Kulob ɗinsa na farko, African Bombers, na Zwide ne, kuma a filin Dan Qeqe ya fara faɗuwa da tashi.

Ƙofar Springboks dai da ƙyar aka sassauta ta. Errol Tobias, daga al'ummar da dokar wariya ta ware a matsayin ruwa biyu, shi ne wanda ba Bature ba na farko da ya sa rigar a babban wasan ƙasa da ƙasa, a 1981, yana da shekara 31, kuma ya sha zagi daga ɓangarori biyu: Turawan da ba sa son ganinsa, da 'yan gwagwarmayar da ke ganin ana wanke fuskar mulkin wariya da shi. A 1992 aka haɗe hukumomin wasan suka zama ɗaya. A 1995 ƙasar ta karɓi baƙuncin Kofin Duniya ta kuma ci, 15 da 12 a kan New Zealand a filin Ellis Park, ranar da Nelson Mandela ya fito sanye da riga mai lamba 6 irin ta kyaftin Francois Pienaar. Hoton ya zaga duniya, har fim aka yi a kansa. Abin da hoton bai nuna ba shi ne, a cikin tawagar da ta ci kofin mutum ɗaya tak ne ba Bature ba, Chester Williams. Kolisi na da shekara 4 a lokacin.

Shekarun da suka biyo baya sun nuna cewa musabahar Ellis Park ba ta kai zuci ba. A 1997 kocin ƙasar, André Markgraaff, ya ajiye aiki bayan an saki wani faifai da aka ji shi yana zagin shugabannin wasan baƙar fata. A 1998 hukumar wasan ƙarƙashin Louis Luyt ta ja gwamnati kotu, har sai da Mandela, yana shugaban ƙasa, ya tsaya gaban alƙali yana ba da shaida. Da Springboks suka sake cin kofin a 2007 a Paris, biyu ne kawai cikin 15 da suka fara wasan ƙarshe ba Turawa ba, Bryan Habana da JP Pietersen. Kolisi ya sha ba da labarin cewa a wani gidan giya na unguwa ya kalli wannan wasa, don babu talabijin a gidansu.

Yarintarsa irin wadda ba a so wa ɗan kowa ce. Iyayensa kansu yara ne lokacin da suka haife shi, kakarsa ta wajen uba ce ta raine shi. A littafin tarihin rayuwarsa, Rise, wanda ya fito a 2021, ya faɗi yadda yake kwana a ƙasa kan matasan kujera, yadda ruwan sukari kan zama abincin dare, yadda zuwa makaranta ke da daɗi saboda can ne ake samun burodi. Kakar ta rasu yana ƙaramin yaro, mahaifiyarsa ta bi baya yana da shekara 15. Wani malami a makarantar firamare ta Emsengeni, Eric Songwiqi, shi ya ga abin da ke jikin yaron. Yana da shekara 12 ya je wata gasar yara a Mossel Bay, aka gan shi, aka ba shi gurbin karatu kyauta a Grey, tsohuwar makarantar Turawa ta Port Elizabeth da aka kafa tun 1856.

Tsakanin Zwide da Grey tafiyar ba ta kai rabin awa a mota ba, amma duk rayuwarsa ta wasa a wannan 'yar tafiya ta rataya. Ya isa ba ya jin Turanci. A can ya samu gado nasa shi kaɗai, abinci sau uku, fili mai ciyawa, koci mai albashi, da likita in ya ji ciwo. Zari-ruga wasa ne na ƙashi da tsoka, yaron da bai ƙoshi ba tsakanin shekara 12 da 18 ba zai taɓa cim ma sa'ansa da ya ƙoshi ba, kome baiwarsa. Shi da kansa bai taɓa ɓoye wannan ba.

Daga ƙananan tawagogin Eastern Province ya koma Western Province a Cape Town a 2010. Mutumin da ke kula da harkar 'yan wasa a can lokacin wani tsohon ɗan Springboks ne, Rassie Erasmus, Ba'afrikane daga Despatch, wani ƙaramin gari da ke maƙwabtaka da Port Elizabeth. A riƙe sunan nan. A 2012 Kolisi ya shiga Stormers a gasar Super Rugby, wadda a lokacin ke haɗa kulob-kulob na Afirka ta Kudu da New Zealand da Ostireliya. Ranar 15 ga Yunin 2013, saura kwana ɗaya ya cika shekara 22, ya fara buga wa ƙasa a Nelspruit. Arno Botha ya ji ciwo cikin mintunan farko na wasa da Scotland, aka taso Kolisi daga benci, aka tashi 30 da 17, aka kuma zaɓe shi gwarzon wasan.

Wanda ya ga wannan rana zai zaci shi ke nan, ƙofa ta buɗe. Ina! Shekara uku ya yi yana ɗumama benci. A Kofin Duniya na 2015 a Ingila mintuna kaɗan ya samu, a gasar da Japan ta kunyata Springboks 34 da 32 a Brighton. Kafin a tafi gasar ma sai da aka yi ta ce-ce-ku-ce kan yawan Turawa a tawagar koci Heyneke Meyer. A Afrilun 2016 ministan wasanni Fikile Mbalula ya hana hukumar zari-ruga da wasu hukumomi uku neman karɓar baƙuncin manyan gasanni, saboda sun kasa cika alƙawarin shigo da baƙar fata. Sai kuma wasan kansa ya lalace. A 2016 wasa 4 kawai suka ci cikin 12, har Italiya ta doke su a Florence. A Satumbar 2017 New Zealand ta yi musu 57 da nema a Albany, Kolisi na cikin fili. A wannan shekarar ce dai aka ba shi kyaftin na Stormers, kuma yana cikin 'yan kaɗan da suka fito daga wannan duhu da mutuncinsu.

Erasmus ya karɓi tawagar a farkon 2018, ranar 28 ga Mayu ya sanar da cewa Kolisi ne kyaftin. Ya nace cewa don cancanta ya zaɓe shi, ba don siyasa ba, akwai kuma gaskiya a ciki: manyan da ake sa ran ba wa muƙamin suna jinya, Kolisi na jagorantar kulob ɗinsa, Erasmus ya san shi tun yana ɗan shekara 18. Amma ƙasar da ta jira shekara 127 ba za ta kalli abin a matsayin zaɓen koci kawai ba. Ranar 9 ga Yuni ya fito da tawagar a Ellis Park, lamba 6 a bayansa, mai sharhi da harshen Xhosa, marigayi Kaunda Ntunja, yana zuba masa kirari a talabijin, matasan Gwijo Squad na rera waƙoƙin gargajiya a inda a da ba a jin kome sai Afirkanci da Turanci. Kafin minti 20 Ingila na gaba da 24 da 3. Ana iya hasashen abin da masu jiran ya faɗi suka fara shiryawa a bakinsu. Aka tashi 42 da 39, Springboks ne a sama, kuma sababbin 'yan gefe biyu da suka fara wasa a ranar, S'bu Nkosi da Aphiwe Dyantyi, su suka dangwara ƙwallo sau uku a tsakaninsu.

Gardamar kaso ba ta bar shi ya huta ba. Hukumar wasan ta yi wa gwamnati alƙawarin cewa kafin 2019 rabin tawagar za su kasance ba Turawa ba. Mai karatu a Najeriya ya san irin wannan gardama tun daga rabon guraben makaranta har na aikin gwamnati. A wata hira da kamfanin dillancin labarai na Japan, Kyodo, wadda ta fito a farkon 2019, Kolisi ya ce ba zai so a ɗauke shi saboda launin fatarsa ba, ba ya kuma jin Mandela zai goyi bayan kaso, gyara kuma daga makarantun unguwanni ya kamata a fara shi. Ya sha suka, wasu suka ce ya hau tsani yana neman ture shi. Masu sukar suna da hujja, domin ba don matsin lambar da 'yan siyasa suka yi shekara da shekaru ba, da wuya koci-koci su waiwayi inda ba su saba waiwaya ba. Shi ma yana da tasa, domin kaso a sama ba ya sa wa yaron Zwide nama a tukunya.

A Japan, a Kofin Duniya na 2019, sun fara da shan kashi a hannun New Zealand, 23 da 13, shi kuma bai daɗe da tashi daga ciwon gwiwa ba. Suka fitar da mai masaukin baƙi 26 da 3, suka sha da ƙyar a hannun Wales 19 da 16. Ranar 2 ga Nuwamba a Yokohama suka haɗu da Ingila, wadda ta fitar da New Zealand, kusan kowa kuma ya ba ta kofin tun kafin a fara. A cikin 'yan Ingila akwai Maro Itoje, ɗan iyaye 'yan Najeriya. Ƙartin Afirka ta Kudu suka murƙushe na Ingila a turereniya tun daga farko, Handré Pollard na ta tara maki da ƙafa, sannan Makazole Mapimpi ya dangwara ƙwallo, karo na farko ke nan da wani ɗan Springboks ya yi haka a wasan ƙarshe na Kofin Duniya, Cheslin Kolbe ya ƙara. Aka tashi 32 da 12. Wasa na 50 ke nan da Kolisi ya buga wa ƙasa, mahaifinsa kuma na cikin 'yan kallo, fitarsa ta farko ƙasar waje. Shida cikin 15 da suka fara wasan ba Turawa ba ne: Kolisi, Tendai Mtawarira haifaffen Zimbabuwe, Bongi Mbonambi, Lukhanyo Am, Mapimpi da Kolbe. Babu wanda ya isa ya nuna ɗaya a cikinsu ya ce alfarma aka yi masa, kuma wannan shi ne ainihin bambancin 2019 da 1995.

An yi ta maganar haɗin kan ƙasa bayan wasan, Shugaba Cyril Ramaphosa ma ya fito da tasa rigar mai lamba 6. Sai dai wata biyu kafin nan, a Satumbar 2019, an ƙona shagunan baƙi a Johannesburg, har Najeriya ta kwaso ɗaruruwan 'yan ƙasarta a jirgin Air Peace. Wasannin gasar kuma a tashar kuɗi ta SuperSport aka nuna su, sai a wasan ƙarshe aka daidaita gidan talabijin na gwamnati ya nuna wa talaka. Erasmus ya fi 'yan siyasa faɗin gaskiya a daren, da ya ce matsin lamba na ainihi a ƙasarsu shi ne rashin aikin yi da kashe maka ɗan'uwa, buga ƙwallo kuwa gata ne.

Akwai canji na biyu da rayuwar Kolisi ta ratsa, wanda ba a cika magana a kansa ba, shi ne na kuɗi. Har zuwa Agustan 1995 dokar wasan ta haramta biyan ɗan wasa albashi. Kolisi na cikin zubin farko da suka taso ba su san wancan zamani ba. Bayan Yokohama kamfanin Roc Nation na mawaƙin Amurka Jay-Z ya ɗauke shi yana tallata shi. A farkon 2021, bayan wasa fiye da 100 a Stormers, ya sauya sheƙa zuwa Sharks ta Durban, wadda wasu masu zuba jari daga Amurka suka sayi kaso mafi tsoka a cikinta. A wannan shekara manyan kulob-kulob huɗu na ƙasar suka bar gasar kudancin duniya suka koma bugawa da na Ireland da Wales da Scotland da Italiya, don can ne kuɗin talabijin yake, agogo ma ya fi daidaita. Kuɗin ƙasar, rand, ba ya iya gogayya da yuro da yen, saboda haka Erasmus ya daina wahalar da kansa: duk inda ɗan wasa ke ci da kansa, Faransa ko Japan ko Ingila, in ya cancanta a kira shi.

Abin dariya a nan, mutumin da ya ɗaga Kofin Duniya sau biyu bai yi sa'ar kulob ba. Bai ci Super Rugby da Stormers ba, yana barin su suka ci sabuwar gasar a 2022. Ya bar Sharks ya tafi Paris, suka ci kofin Challenge na Turai a Mayun 2024.

Tsakanin kofunan biyu ya jagoranci nasara 2 da 1 a kan tawagar haɗin gwiwa ta Birtaniya da Ireland, Lions, a 2021, a filin da babu ɗan kallo ko ɗaya saboda korona. A littafinsa na wannan shekara ya tona asirin kansa, ya faɗi yadda ya riƙa fakewa da giya, da irin dukan da ya ga ana yi wa mata a unguwarsu har da mahaifiyarsa, abin da ya sa gidauniyar da ya kafa a 2020 ta sa yaƙi da cin zarafin mata cikin ayyukanta. A Afrilun 2023 jijiyar gwiwarsa ta samu matsala a wasa da Munster, aka yi masa tiyata, saura wata huɗu da 'yan kwanaki a fara Kofin Duniya. Irin wannan ciwo kan cinye wa ɗan wasa kaka guda. Ranar 19 ga Agusta sai ga shi a Cardiff yana jagorantar tawaga.

Gasar Faransa ta 2023 ba ta masu hawan jini ba ce. Ireland ta doke su 13 da 8 a rukuni. Daga nan suka ci wasa uku a jere, kowanne da tazarar maki ɗaya tak: Faransa 29 da 28, Ingila 16 da 15, New Zealand 12 da 11 ranar 28 ga Oktoba. A wasan ƙarshen an kori kyaftin na New Zealand, Sam Cane, da jan kati, shi ma Kolisi an fitar da shi na minti 10 saboda karon kai da Ardie Savea. Kafin shi Richie McCaw na New Zealand ne kaɗai ya taɓa ɗaga kofin sau biyu a matsayin kyaftin. Afirka ta Kudu ta zama ƙasa ta farko da ta ci sau huɗu, gwamnati ta ba da hutu ranar 15 ga Disamba, a shekarar da ɗauke wutar lantarki ya fi kowace shekara muni a ƙasar.

Zamansa a kulob ɗin Racing 92 na Paris bai yi armashi ba. Gasar Faransa doguwa ce mai cin jiki, jikinsa kuma ya riga ya gaji. Da aka fitar da su a hannun Bordeaux a Yunin 2024, mai kulob ɗin, Jacky Lorenzetti, ya fito fili ya ce Kolisi ya yi ƙiba, ba a ma ganinsa a fili. A Afirka ta Kudu an ɗauki maganar cin mutunci. A wurin mai biyan albashi kuwa lissafi ne kawai: a Paris babu ruwan kowa da Zwide ko lamba 6, ɗan wasa aka saya. Bayan kaka ɗaya ya koma Sharks. A watan Satumba, da karyayyen hanci, ya dangwara ƙwallo a Cape Town a wasan da suka doke New Zealand 18 da 12.

Ko a gida ba kowa ke cewa shi ne gwanin gwanaye a matsayinsa ba, sau da yawa ma akan fitar da shi kafin a tashi, domin salon Erasmus shi ne cika benci da ƙarti a sako su a rabi na biyu. Baiwarsa ta fi fitowa a wajen riƙe mutane. Tawaga ce mai harsuna da yawa, mai ɗauke da jikokin waɗanda suka yi mulkin wariya da jikokin waɗanda aka yi wa, ya kuma iya zama da kowa, ya iya magana da alƙalin wasa ba tare da hayaniya ba, ya iya barin wani ya yi jagoranci a inda ya fi shi sani. An ga haka ranar 8 ga Nuwamban 2025, a wasansa na 100, a Paris. Aka ba Lood de Jager jan kati daf da hutun rabin lokaci, koci na buƙatar dogon mutum a madadinsa, sai aka fitar da mai bikin. Ya koma gefe yana ta ƙarfafa wa 'yan'uwansa gwiwa, suka ci Faransa 32 da 17 da mutum 14.

A saman bishiyar dai canji ya tabbata. Yaron da aka haifa bayan 2010 bai san Springboks da kyaftin baƙar fata a matsayin abin mamaki ba. A ƙasa kuwa hanyar ba ta faɗaɗa sosai ba. Har yau 'yan tsirarun makarantu masu tsada, irin su Grey College ta Bloemfontein da Paul Roos ta Stellenbosch da manyan makarantun Paarl, su ke samar da kaso mai yawa na 'yan wasan ƙasa, abin da ya ƙaru shi ne masu farautar yara sun fi shiga unguwanni da ƙauyuka da takardar gurbin karatu a hannu. Ana tsamo ɗaya, a bar ɗari a filin da babu ciyawa. Mapimpi, wanda ya fito daga ƙauyen Tsholomnqa bai kuma taɓa shiga irin waɗannan makarantu ba, sai da ya kusa shekara 28 kafin ya sa rigar ƙasa, shi ya sa ake ba da labarinsa kamar almara.

Kolisi da Am da Mapimpi duk 'yan Gabashin Cape ne, kuma dukansu sai da suka bar gida kafin wasan ya ciyar da su yadda ya kamata. Kulob ɗin yankin, Southern Kings, wanda aka kafa a Port Elizabeth don yaran lardin su samu inda za su taka ba tare da sun yi ƙaura ba, bashi ya ci shi, aka rushe shi a Satumbar 2020, ƙasa da shekara ɗaya bayan ɗan Zwide ya ɗaga kofi a Yokohama.